Daren da 'ya'yan baji huɗu suka mutu a barandarmu

 Kun saba ji ina magana a kan hawan jini, ciwon suga da yadda ake ba yara magani. Wannan makon a yi mini haƙuri, maganar tsuntsaye na kawo, kuma wanda ya daure ya bi ni zai ga dalilin da ya sa ta dace da shafin lafiya da iyali.

Bara ne, da ɗana na fari ya ci jarrabawar ƙarshen zango, babansa ya cika masa alkawari ya sayo masa tsuntsaye biyu a keji, mace da namiji. A gida Yaya muke ce wa yaron, tun da ƙannensa suka fara magana sunan ya bi shi. Tsuntsayen su ne waɗanda masu kiwo ke kira baji, ƙananan dangin aku masu dogon wutsiya, wasu kore da rawaya, wasu shuɗi da fari. Asalinsu daga Ostireliya ne, inda suke yawo garke-garke a busasshen daji suna cin 'ya'yan ciyawa. Wani Bature masanin tsuntsaye mai suna John Gould ne ya kai su Ingila a 1840, daga nan suka bazu duniya. Maigidan da tattabaru ya tashi a garinsu, su ya so yaron ya gada. To amma wanda ke zaune a bene a Agege, ɗaki biyu da falo, ina ya ga filin tattabaru? Baji kuwa keji ɗaya ya ishe su. Muka rataye shi a barandar baya, wadda ke tsakanin kicin da tagar ɗakin yara. A riƙe wannan tagar, za mu dawo kanta.

Bayan 'yan watanni aka maƙala musu akwatin sheƙa, macen ta shiga ta yi ƙwai biyar. A nan na fara koyon abin da ban sani ba. Baji ba ta zuba ƙwai kullum, tsallake rana take yi, kuma tun daga na farko ko na biyu take fara kwanci. Kowane ƙwai yana ɗaukar kusan kwana 18 kafin ya fashe, don haka yadda aka yi su a jere haka suke ƙyanƙyashewa a jere. Ranar da na biyar ya fito, na farko ya kai kwana takwas, ya ninka shi girma sau da yawa. Shi kuwa sabon fitowar bai wuce giram biyu ba, tsirara, ido a rufe, ba ya iya ɗumama jikinsa, ba ya iya ɗaga kansa. A kwance rigingine uwar ke ɗura masa wani ruwa mai kauri da take amayowa, ita kuma namijin ne ke ciyar da ita ta bakin akwatin.

Na huɗu da na biyar ba su yi kwana uku ba. Yau aka tsinci ɗaya, jibi aka tsinci ɗayan. Yaya ya zo da shi a tafin hannu yana cewa, "Umma, ke da kike da magani, ki ba su mana."

Zan faɗi abin da na yi ko da da kunya. Na ɗauko kafson nan mai ja da rawaya, tetarasaikilin, na buɗe na zuba a ruwan shansu. Ni da kullum nake tsaye a bayan kanta ina yi wa mutane faɗa a kan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an san ciwon ba, ni da na mayar da masu kiwon kaji da yawa hannu rabbana saboda sun zo sayen kafso "na rigakafi", ga ni a barandata ina yin abin da nake hanawa, ba awo, ba sanin nauyin mara lafiya, ba ma sanin ko akwai cutar. Ruwan ya yi ɗaci, tsuntsayen suka rage sha, a daidai lokacin da uwa mai ciyarwa ta fi buƙatar ruwa. Kuma na fi kowa sanin cewa wannan magani yana maƙalewa da sinadarin kalsiyam, shi ya sa muke hana a sha shi da madara, ga shi kuwa kalsiyam ne abin da mace mai ƙwai da 'ya'ya masu gina ƙashi suke nema. Sannan duk maganin da ya kashe ƙwayoyin hanji masu amfani ya buɗe wa fumfunar ciki hanya, irin wadda ke toshe wa ɗan tsuntsu jakar abinci. Allah Ya rufa asiri, manyan ukun suka rayu, ba don kafsona ba.

Ranar wata Asabar muka koma wurin dattijon da aka sayi tsuntsayen a hannunsa, mutumin Arewa ne da ya shekara talatin yana wannan sana'a a Legas. Na fara zayyana masa maganin da na bayar, ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Hajiya, da kika ɗauki gawar, kin duba wuyansa?"

Na ce, "A'a Baba, me zan gani a wuya?"

Ya buɗe wani akwati ya ɗauko ɗan kwana huɗu ya nuna mini. A ƙasan wuyan ɗan tsuntsu akwai 'yar jaka inda abinci ke fara taruwa, kuma fatar wurin siririya ce har kana hango abin da ke ciki. Idan uwa tana ciyarwa za ka ga jakar ta yi tulu, fari-fari ko rawaya-rawaya. Ya ce duk ɗan da ya mutu, kafin ka jefar da shi ka tambaye shi abin da ya kashe shi, zai gaya maka. Idan jakar wayam take, yunwa ce: ko uwar yarinya ce ba ta iya ɗura ba, ko manyan sun danne shi sun hana shi kaiwa ga bakinta. Idan jakar ta kumbura amma iska ce a ciki, ita ma yunwa ce, ya yi ta buɗe baki yana haɗiyar iska. Idan ka same shi a baje kamar an taka, danne shi aka yi. Idan a gefe ka same shi shi kaɗai, nesa da 'yan'uwansa, sanyi ne. Sanyin kuma sau da yawa daga firgitar dare yake: ɓera ya bi ta kan keji, mage ta leƙo, ko wani ya haska tocila, uwar ta yi tsalle ta fito, cikin duhu ta kasa komawa, kafin asuba 'ya'yan sun sandare. Idan cikin ya kumbura ya yi rawaya, ƙwayar cuta ce ta shiga ta cibiya ko ta ɓawon ƙwai, kuma ƙazantar akwati ko ƙazamin hannu ne kan kawo ta. Idan kuwa 'ya'yan sun ɗashe, ba ja a jikinsu, uwar ba ta son zama a ciki da dare, to a nemi ƙuma. Wata irin jar ƙuma ce da ke ɓuya a tsagar katako da rana, ta fito da dare ta sha jini. Ya ce in rufa farin ƙyalle a kan akwatin da dare, da asuba in duba, idan akwai su zan ga ɗige-ɗige ja.

Na tsaya ina kallonsa, domin abin da yake yi shi ne abin da aka shekara biyar ana koya mana a jami'a: a san ciwo kafin a taɓa magani.

Namu matsalar ba ta da wuyar ganewa. Macen ba ta kai shekara ba aka ba ta akwati, alhali gara a jira ta kai wata goma zuwa shekara. Kuma gero zalla muke ba su, safe da yamma. Tsuntsu babba zai lallaɓa da gero, amma mai ciyar da baki biyar ba za ta iya ba. Baba ya ce a ƙara musu dafaffen ƙwai da aka murmushe, jiƙaƙƙen gero da ya fara tsiro, ɗan alayyafo ko karas, da farin ƙashin nan na kifin teku da ake sayarwa don su riƙa gwaguya. Sai ya ja kunnena a kan abin da ya shafi mu mazauna Kudu musamman: a wannan danshin, abinci mai laima ba ya wuce 'yan sa'o'i a keji, a kwashe shi kafin ya yi tsami. Geron ma a shinshina shi kafin a saya, idan yana warin fumfuna a bar shi. Wannan na san shi daga karatu, domin fumfunar hatsi da gyaɗa tana fitar da guba mai suna afulatokzin wadda ke lalata hanta, a tsuntsu da a mutum. Ya ƙara da cewa ƙasan akwati ya zama da ɗan kwarmi da garin katako don kada ƙwai da 'ya'ya su watse, a bar mace ɗaya da namiji ɗaya a keji domin wata macen kan shiga akwatin kishiyarta ta kashe 'ya'ya, kuma bayan ƙyanƙyasa biyu a cire akwati uwar ta huta.

Muka bi duk wannan. Yaya ya samo littafi yana rubuta ranar da kowane ƙwai ya fashe, kullum kafin ya tafi makaranta sai ya wanke hannu ya leƙa ya ce mini, "Umma, duk jakarsu a cike." A watan Yuni na bana macen ta sake ƙyanƙyashe huɗu. Babban ya kai kwana goma sha biyu, idonsa ya buɗe, gashi ya fara tsirowa. Babu ko ɗaya da ke baya.

Sai aka shiga kwana na uku babu wutar lantarki, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Muna da ɗan ƙaramin janareta, irin wanda mutanen Legas suka yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina". A ƙasa yake zama, a tsakar gida. Amma a makon an sace na wani maƙwabcinmu, ga kuma ruwa, sai maigidan ya ce bari a hau da shi baranda na dare ɗaya kawai. Barandar kuwa mun riga mun zagaye ta da tamfol don kada feshin ruwa ya taɓa tsuntsaye. Na ga lokacin da aka hau da shi. Abin da kawai na ce shi ne ƙararsa za ta hana yara barci. Tagar ɗakinsu a buɗe take, sai ragar sauro.

Wajen sha biyun dare ƙanwar Yaya, mai shekara biyar, ta farka tana kuka, kanta na ciwo, ta yi amai sau ɗaya. Na taɓa jikinta ba zafi. Na ba ta farasitamol, na ce da safe za a yi mata gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ni ma kaina ya yi nauyi, na ɗora wa tsayuwar kanti. Na mayar da ita gadonta, ƙarƙashin tagar nan, na ja mata bargo. Wajen ƙarfe ɗaya janaretan ya yi tari ya mutu, mai ya ƙare. Har na ji maigidan yana tsaki yana mitar tsadar fetur, da yake rabin galan kawai ya samu ya saya.

Ihun Yaya ne ya tashe ni bayan asuba. Duka huɗun sun mutu, uwar tana kwance a kansu ita ma ta mutu. Namijin yana ƙasan keji ya kumbura gashi, yana layi. Na tuna maganar Baba, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya na duba. Jakar kowanne a cike take tam. Suna tare a wuri ɗaya, ba wanda aka danne, ba kumburin ciki, ba ƙuma.

Na kira wata ƙawata likitar dabbobi, tare muka yi jami'a. Ta ce idan 'ya'yan baji suka mutu farat ɗaya da abinci a jakarsu, abin da likita ke fara tunani shi ne wata ƙwayar bairos da ake kira foliyoma. An fara bayyana cutar a 1981, kuma a jikin 'ya'yan baji aka gano ta. Ta fi kashe waɗanda ba su wuce mako biyu ba, sau da yawa ba wata alama, wani lokaci kuma a ga ciki ya kumbura ko jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Waɗanda suka tsira kan tashi da gashin fiffike da na wutsiya a lalace, su yi ta gudu a ƙasa ba sa iya tashi. Manya kan ɗauke ta ba tare da sun nuna ciwo ba, shi ya sa sabon tsuntsu daga kasuwa ake ware shi na wata guda kafin a haɗa shi da na gida. Ba ta da magani, kafso ba ya taɓa ta. Wanda ta shigar wa keji sai dai ya dakatar da ƙyanƙyasa na watanni, ya wanke komai.

"Amma fa," in ji ta, "wannan cutar ba ta kashe huɗu da uwarsu a dare ɗaya, ta bar uban yana layi. Me kuka kunna a gidan jiya?"

Ban ba ta amsa ba. Na ajiye wayar na ruga ɗakin yara.

Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da muke ji na fetur ne da sauran tarkace, ita kanta ba a jin ta, kuma tana iya taruwa a ɗaki ko hanci bai ji komai ba. Idan ta shiga huhu tana kama sinadarin jinin da ke ɗaukar iskar oksijin, kamun da ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200, sai jini ya yi ta zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata ba. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai da kasala, wato duk abin da a ƙasar nan muke kira maleriya mu nufi kemis. Bambancin shi ne babu zazzaɓi, mutum fiye da ɗaya ne ke jin abin a lokaci guda, kuma yana sauƙi idan aka fita waje. Wanda ke barci kuwa ba ya jin alamar komai. Duk wannan na rubuta shi a takardar jarrabawa na ci maki. A daren da ya shigo gidana, farasitamol na ba shi.

Muka kwashi yaran uku zuwa asibiti. Aka duba su, aka sa wa ƙaramar oksijin na ɗan lokaci, wanda shi ne maganin wannan guba, aka sallame mu da yamma. Likitan ya tambayi sa'a nawa injin ya yi yana aiki, da na gaya masa, sai ya tambayi abin da ya kashe shi. Na ce mai ne ya ƙare. Ya dube ni kawai ya ci gaba da rubutu.

Dalilin da ya sa tsuntsaye suka riga mu faɗuwa yana cikin halittarsu. Ban da huhu, tsuntsu yana da jakunkunan iska a cikin jikinsa, kuma iskar tana ratsa huhunsa ta hanya ɗaya, yana shaƙa yana fitarwa duk tana wucewa. Ga jiki ƙarami, ga zafin jiki da ya haura digiri 40, ga numfashi da sauri. Duk abin da ke cikin iska yana shiga jininsa da wuri fiye da namu. Saboda haka ne masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da kanari a keji, idan ya faɗo daga kan sandarsa kowa ya nemi hanyar fita. Sai a 1986 aka daina, aka maye gurbinsa da na'ura. Mu ma ashe da namu kanarin muke kwana, sai dai babu wanda ya leƙa kejin.

Tun daga ranar na fara kallon abin da muke saki a iskar gida da wani ido. Otapiyapiya da ake yayyafawa a lungu saboda sauro da kyankyaso, sinadarin dikulobos ne, maganin ƙwarin gona, kuma tururinsa kaɗai ya isa ya kashe tsuntsu a keji. Yaron da ke rarrafe a wannan ɗakin shi ma yana shaƙa. Haka maganin sauro na fesawa da na kunnawa idan aka rufe ƙofa da taga. Kaskon suyar nan na zamani da abinci ba ya kamawa, idan aka manta shi a wuta babu komai a ciki ya yi zafi fiye da kima, yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsu cikin mintuna, shi ya sa ba a ajiye keji a kicin ko kusa da shi. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki kuwa, irin wanda ake kai wa mai jego da jaririnta lokacin sanyi, iskar da janareta ke fitarwa ita yake fitarwa. Turaren wuta ma hayaƙi ne. Ba zan yi muku ƙarya in ce na daina ba, Bahaushiya ce ni, amma yanzu sai taga tana buɗe, kuma nesa da keji da gadon yara.

Ga masu janareta, ƙa'idar da masana ke bayarwa ita ce ya kasance a waje, a sarari, aƙalla mita shida daga kowace ƙofa ko taga, bakin hayaƙin yana kallon nesa da gida. Baranda ba waje ba ce, haka ƙarƙashin matakala, haka lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko da an bar ƙofa a buɗe. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan wannan iska ta taru, girmanta bai wuce tafin hannu ba, mun sa ɗaya a ɗakin yara. Idan kuma aka wayi gari mutum biyu ko uku a gida suna ciwon kai tare bayan an kwana da inji ko gawayi, a fita waje tukuna, a kashe abin, a tafi asibiti a faɗi gaskiyar abin da aka kunna.

Tunda maganar asibiti ta zo, mai kiwon baji ko aku ya riƙa gaya wa likita cewa yana da tsuntsaye idan zazzaɓi da busasshen tari suka ƙi jin magani. Akwai cutar da ake ɗauka daga ƙurar busasshen kashinsu, tana warkewa da maganin da ya dace, amma sai likita ya san da tsuntsun zai yi tunaninta. A yayyafa ruwa kafin a share keji, a ɗauki mataccen tsuntsu da leda, mai juna biyu kuma ta bar wa wani sharar.

Janaretanmu yanzu yana ƙasa, a can ƙarshen tsakar gida, cikin kejin ƙarfe da kwaɗo biyu. Kuɗin maƙeri da na doguwar waya sun kusa kai rabin kuɗin injin, maigidan bai yi mita ko sau ɗaya ba. Mun cire tamfol ɗin.

Yaya ya binne su biyar ɗin a bayan gida, a cikin kwalin magani da ya roƙa a wurina. Da muna hawowa bene ya tsaya a matakala ya ce, "Umma, da man bai ƙare ba fa?" Na ce ya wuce ya wanke hannunsa da sabulu.

Namijin ya warke. Ya yi kusan wata biyu shi kaɗai yana kira, sannan muka koma wurin Baba aka samo masa mace, shuɗiya, wadda ta haura shekara. Ta yi wata guda a keji daban kafin a haɗa su. Jiya da safe Yaya ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ƙwai na uku ya sauka.